Filat ko rawun: kunne kaɗai zai iya bambance tsirkiyar jitar bes?

Bes_Ringim:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya ce ga masu jitar bes da masu haɗa sauti. Tsirkiyar bes iri biyu aka fi sani, mai santsi wato filat, da mai kaushi wato rawun. Idan jitar tana hannunka ba wata wahala, shafawa ɗaya ta isa. To amma idan rikodin kawai aka turo maka, ko kana can bayan rumfa ana kiɗa, kunne kaɗai zai iya gaya maka wacce ce a jikin jitar? Ni dai ina ganin zai iya. Me ake saurara, kuma a ina mutum ke ruɗewa?

Injiniya_Gumel:
Wa alaikumus salam. Zai iya, amma da sharaɗi. A fara da ƙirarsu, don daga nan bambancin sautin ya taso. Duka biyun akwai siririyar wayar ƙarfe a tsakiya, sai a naɗe ta da wata waya. A rawun, wayar naɗin zagayayya ce, shi ya sa ake samun tudu da kwari tsakanin naɗi da naɗi. A filat kuwa wayar naɗin shimfiɗaɗɗiya ce mai faɗi, gefe ya haɗu da gefe, babu rami. Wannan haɗuwar ta sa filat ta fi taurin lanƙwasuwa, kuma idan tana kaɗawa gefunan suna gogar juna, sai siraran muryoyin sama su mutu da wuri, a bar ka da gindin sautin.

Saboda haka ka saurari farkon bugu da abin da ya biyo baya. Filat tana faɗowa da nauyi, dum, nan take ta lafa ta ci gaba da tafiya a ƙasa-ƙasa. Sabuwar rawun tana zuwa da tsirrr na ƙarfe a kan sautin, kuma wannan tsirrr ɗin yana bin sautin daƙiƙa biyu zuwa uku kafin ya baje. Yawancinsa yana zaune ne daga wajen 2 kHz zuwa sama a ma'aunin kaifin sauti.

Sani_Miksa_Bichi:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma akwai shaidar da ta fi wannan saurin kamawa: kukan yatsa. Duk lokacin da makaɗi ya ja hannun hagu daga firet (ƙarafunan da ke gicciye a wuyan jita) na 3 zuwa na 8, ko ya dawo, fatar yatsa tana bi ta kan tudun naɗin rawun, sai ka ji wani ɗan tsiiit tsakanin sauti da sauti. Filat ba ta yin wannan, iyakarta ɗan shuu mai laushi wanda da ƙyar ake ji. Kada ka saurari sautin kansa, saurari giɓin da ke tsakanin sautuka biyu, musamman inda ganga ta ɗan yi shiru.

Auwalu4Waya:
Oga Sani, ai fikof, abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita, ba makirfo ba ne, maganaɗisu ne. Ta yaya zai ɗauki kukan yatsa?

Sani_Miksa_Bichi:
Ba ta iska yake ɗauka ba, ƙanina. Gogar yatsa a kan tudun naɗin tana girgiza tsirkiyar ita kanta, girgiza mai sauri ƙwarai, fikof kuma duk motsin da ƙarfen tsirkiya ya yi a gabansa shi yake mayarwa lantarki. Jona jita a amfilifaya, kada ka buga komai, ka ja yatsa kawai a kan tsirkiyar A daga sama zuwa ƙasa. Za ka ji shi raɗau a sifika.

BabaJita_Haɗeja:
Yara, ku yi a hankali da wannan tabbacin. A ɗauki rawun da ta shekara a jiki ba a canza ba, a murɗe maɓallin tun, mai rage kaifin sauti, ya koma ƙasa gaba ɗaya, a cusa ɗan guntun soson katifa ƙarƙashin tsirkiyoyi dab da birij, inda tsirkiyoyi ke kafe a jikin jita, a buga da naman babban yatsa kusa da ƙarshen wuya. A sa kalangu da fiyano da muryar mawaƙi a kai. Wanda ya ce zai rantse filat ce ko rawun a wannan hali, cika baki yake yi. Tun ɗin nan ba komai ba ne illa ɗan kafasita, galibi 0.047 µF, da ke zubar da muryoyin sama zuwa ƙasa. Duk abin da Injiniya da Sani suka ce a saurara, a nan sama yake zaune. An zubar da shi, me ya rage?

Injiniya_Gumel:
Ranka ya daɗe, Baba, shi ne sharaɗin da na ambata. Amma ko an rufe tun akwai abin da ke saura. Matacciyar rawun da filat ba abu ɗaya ba ne. Rawun tana mutuwa ne saboda gumi da ƙura sun cika kwarin naɗin, kuma ba sa cika shi daidai wa daida, wani wuri ya fi wani nauyi. Shi ya sa sautinta ke yin laɓo-laɓo, tsakiyarsa ba ƙarfi, idan ka riƙe shi sai ka ji yana ɗan tangaɗi, allurar tuna, na'urar daidaita ɗaurin tsirkiya, ma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Tsohuwar filat kuwa sautinta dunƙulalle ne, yana da ƙwari a ƙasan tsakiya, wajen 100 zuwa 300 Hz, kuma yana tsayawa cak a kan muryarsa. Na yarda a cikin cikakken kiɗa da wuya a kama wannan. Idan bes ita kaɗai ce, ana kamawa.

BabaJita_Haɗeja:
"Idan ita kaɗai ce." To a wane biki aka taɓa barin bes ita kaɗai?

Zee_Situdiyo_Dutse:
Baba ya kawo magana. Amma kafin a je ga biki, ni abin da nake gani shi ne yawancin gardamar nan a kan sifikar waya ake yin ta, kuma a nan aka fara ɓata. Tsirkiyar E a sake 41 Hz take, A 55, D 73, G 98. Sifikar waya ba ta fitar da ko ɗaya daga cikinsu. Abin da kake ji a waya 'ya'yan sautin ne na sama, ƙwaƙwalwa ce ke cike gindin. Sakamakon haka rawun tana fitowa sarai a waya, filat kuma sai ta kusa ɓacewa, ka ji ɗan tuk-tuk na farkon bugu kawai. Wannan ma alama ce idan ka san ta: bes ɗin da ke cika ɗaki a babbar sifika amma ta ɓuya a waya, akwai yiwuwar filat ce, ko rawun da aka rufe wa tun.

Na biyu, kada a turo rikodin a matsayin saƙon murya na WhatsApp. An tsara shi ne don maganar mutum, yana matse sauti ya lalata daidai wurin da muke nema. A turo fayil ɗin a matsayin dokumen, a saurara da hedifon mai rufe kunne.

Bes_Ringim:
Hajiya Zee, idan fayil ɗin ya iso lafiya amma kiɗa ya cika shi, akwai dabarar tsamo bes ɗin?

Zee_Situdiyo_Dutse:
Idan cikakken kiɗa ne da aka riga aka haɗe, da wuya, don kalangu da murya suna zaune a wurin da tsirrr ɗin yake. Nemi farkon waƙa ko wani gurbi da aka ɗan sarara. Idan kuwa layin bes ɗin daban yake, abin mai sauƙi ne. Buɗe shi a Audacity ko FL Studio, ka sa ikwalaiza, abin rage ko ƙara sassan sauti, ka yanke duk abin da ke ƙasa da 1.5 kHz, ka ɗaga abin da ya rage. Rawun za ta bar maka ƙarar ƙarfe mai ci gaba da kukan yatsa a kowane sauyin wuri. Filat za ta bar maka ɗan ƙyas a farkon kowane bugu, sai shiru. A Audacity kana iya juya layin zuwa hoton sauti ma ka gani da ido: layukan sama na rawun dogaye ne, na filat gajeru.

Ɗan_Babura:
Ni a sanina filat ita ce baƙar nan mai kama da roba, ko?

Kafinta_Ƙaraye:
A'a malam, waccan daban ce. Ita baƙar an naɗe ta ne da zaren nailan a waje, sautinta ya fi na filat laushi da duhu, kuma ba ta da tauri a hannu. Filat ta gaske ƙarfe ce, fara sol tana sheƙi. Akwai ma na tsakiya da ke ƙara rikita lissafi: wadda aka naɗa rawun sannan aka goge tudun da inji, da wadda aka danne naɗin ya ɗan baje, irin GHS Pressurewound. Waɗannan kukan yatsansu kaɗan ne amma suna da sauran haske. Wanda ya ji su a rikodin zai iya cewa filat, wani ya ce rawun, kuma kowa da hujjarsa.

Ɗan_Babura:
To zaren alharinin da ake naɗawa a ƙarshen tsirkiya fa? An ce duk mai shi filat ce.

Kafinta_Ƙaraye:
Ba ƙa'ida ba ce. Rotosound Swing Bass rawun ce kuma da jan zare a ƙarshenta. D'Addario Chromes filat ce da shuɗin zare. Zare ba ya gaya maka komai game da naɗin. Kuma mun ce kunne, ba ido ba.

Gwanin_Fiyano_Wudil:
Ku bari in ɗan karkata. Mu faɗa wa juna gaskiya, kaso mafi yawa na bes ɗin da ake ji a waƙoƙinmu na situdiyo ba jita ba ce, daga fiyano ko kwamfuta take fitowa. Kafin mutum ya fara musun filat ko rawun, ya tabbatar akwai tsirkiya a wurin tukuna. Alamar fiyano: duk bugun da aka yi a kan murya ɗaya iri ɗaya yake fitowa sak, ba wanda ya fi wani kauri, kuma idan an yi jan sauti daga murya zuwa murya yana tafiya sumul ba ka jin firet ɗaya-ɗaya. Wasu manhajojin suna saka kukan yatsa da gangan don a zaci jita ce, amma idan ka natsu za ka ji kukan guda ne ake ta maimaitawa, wani lokacin ma a inda hannu ba shi da dalilin motsawa.

Sani_Miksa_Bichi:
Wannan haka yake. Kukan yatsa na gaske yana bin nisan tafiyar hannu, gajeriyar tafiya gajeren kuka.

BabaJita_Haɗeja:
Tunda kun dage, ga wani abin da zai rushe muku "filat duhu, rawun haske". Steve Harris na Iron Maiden filat yake amfani da ita, ta Rotosound, kuma duk wanda ya ji bes ɗinsa ya san ƙarar ƙarfe ce zalla. Dalili: sababbi yake sawa akai-akai, tsirkiya ƙasa-ƙasa dab da firet, yana bugu da ƙarfi tana dukan firet. Sabuwar filat ta bakin ƙarfe tana da haske sosai a makonnin farko. Chromes haka take, filat ɗin Ernie Ball mai kobal ma ta fi ta haske. A ɗaya gefen ga James Jamerson na Motown, da jitarsa Fender Precision ta 1962 da tsirkiyoyin La Bella masu kauri, inci .052 zuwa .110, ga soso a birij, a lokacinsa ba ya canza su sai dole. Su biyun duk filat ne. Ku jera sautinsu ku ce mini abu ɗaya ne.

Injiniya_Gumel:
Baba, ba abu ɗaya ba ne, amma hasken ma iri biyu ne. Hasken sabuwar filat na dukan firet ne, kas-kas, a farkon bugu yake, ya zo ya wuce. Hasken rawun a cikin jikin sautin yake, yana ci gaba da ringi bayan bugu, irin na manyan wayoyin fiyanon katako. Wannan ringin shi John Entwistle na The Who ya je nema wajen Rotosound a Ingila a 1966, kuma daga nan rawun ta fara mamaye kasuwa. Kafin lokacin filat ce a kan kusan kowace bes, har da Precision ta farko da Fender ya fitar a 1951. Don haka shekarar rikodin ma tana taimakawa: abin da aka ɗauka kafin tsakiyar shekarun 1960, kusan kullum filat ne.

Mai_Gurmi_Kazaure:
Mu masu tsirkiya biyu muna gefe muna kallo. Amma tambaya: yanayinmu na nan ba ya canza lissafin? Na ga duk misalan daga Turai da Amurka suke.

Kafinta_Ƙaraye:
Yana canzawa sosai, maigida. Da hunturu ƙura tana shiga kwarin rawun, ga masu shafa man kaɗanya ko basilin a hannu saboda kaushi, man ya haɗu da ƙurar ya zama dauɗa a cikin naɗin. Rawun da za ta yi wata biyu da haskenta a wuri mai sanyi, a nan cikin 'yan makonni ta dushe idan ana fita biki da ita. Da bazara kuma gumi ne. Shi ya sa yawancin bes ɗin da za ka ji a ƙauyukanmu matacciyar rawun ce, ba filat ba, don rawun ce ke zuwa a jikin sabuwar jita kuma ita ta fi samuwa a shagunan Sabon Gari. Filat sai an yi oda galibi. Idan ka ji bes mai duhu a biki a Gagarawa ko Ɓaɓura, fara zargin tsohuwar rawun.

Wani abu kuma, busasshen yatsa na hunturu yana ƙara kukan yatsa, mai gumi yana rage shi. Jita ɗaya, tsirkiya ɗaya, amma rikodin watan Janairu da na Agusta ba za su yi kuka iri ɗaya ba.

Auwalu4Waya:
Da gaske ne ana dafa tsirkiya ta dawo sabuwa?

Kafinta_Ƙaraye:
Rawun kaɗai, kuma ba sabuwa take dawowa ba, haske take samu na ɗan lokaci. A kwance ta, a naɗe ta da'ira, a sa a tafasasshen ruwa minti 10 zuwa 15, a tsame a goge da tsumma mai tsabta, a shanya ta bushe ƙarau kafin a mayar. Idan da sauran ruwa a ciki, wayar tsakiya za ta yi tsatsa ta tsinke a birij. Wanda ya fi shi ne a jiƙa ta a sifirit cikin bututun roba mai murfi, ta kwana, don shi ba ya kawo tsatsa, sai dai a nisanta shi da wuta. Sau ɗaya ko biyu ake yi, bayan nan ƙarfen ya gaji, wuraren da firet ya ci sun riga sun lotsa. Filat ba a dafa ta. Goge ta da tsumma bayan kiɗa, za ta yi shekaru.

Sani_Miksa_Bichi:
Mu dawo kan tambayar Bes_Ringim ta bayan rumfa, don ba a amsa ta sosai ba. A fili abubuwa biyu ne ke hana ka ji. Na farko sifika. Idan bes tana fita ta sifika mai inci 15 ko 18 wadda ba tuwita, wato ƙaramar sifikar muryoyin sama, ita kanta ta yanke saman, ko sabuwar rawun ce za ta fito da duhu. Je ka tsaya gaban sifikar da ke da tuwita, daidai saitin kunnenka, ba a gefe ba, don muryoyin sama miƙe suke tafiya. Na biyu janareta. Wutarmu 50 Hz ce, kuma G ta firet na 3 a kan tsirkiyar E 49 Hz ce. Idan wayar jita ba ta da kyau ko babu at, wato wayar ƙasa, gurnanin wutar yana haɗuwa da wannan muryar ka ji sauti yana hawa da sauka. Sai mutum ya ce tangaɗin matacciyar rawun ne, alhali inji ne. A sauke maɓallin ƙarar jita zuwa sifili: idan gurnanin bai tafi ba, matsalar tana gaba da jitar, ba ruwan tsirkiya.

Lokacin da ya fi dacewa ka saurara shi ne lokacin gwajin kaya, kafin a fara, sa'ad da mai bes ke ɗaure tsirkiya shi kaɗai.

Zee_Situdiyo_Dutse:
A lokacin gwajin nan, idan ya taɓa hamonik, wato siririn sautin da ke fita in an ɗora yatsa kan tsirkiya ba a danne ba, don ɗaurewa, ka samu amsa. A firet na 12 duka biyun suna bayarwa. A na 7 da na 5 rawun mai rai tana ringi tsawon lokaci, filat gajere take bayarwa. A na 4 filat da ta kwana biyu da ƙyar take magana. Haka in ya mari tsirkiya da babban yatsa ko ya fizgo G ya sake ta: rawun ta ce tas da ƙara mai kaifi, filat ta ce fak, a bushe.

Ɗan_Babura:
To wanda yake son ya koma filat don ya huta da sayen tsirkiya, kawai ya cire ya sa?

Kafinta_Ƙaraye:
A'a, akwai gyara. A kauri ɗaya, misali .045 zuwa .105, filat galibi ta fi jan wuya saboda ƙarfen da ke jikinta ya fi yawa. Wuya zai ɗan lanƙwaso gaba, tsirkiya ta yi sama. Auna haka: danne E a firet na 1 da na ƙarshe, ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na 8, ana son wajen 0.3 mm. Idan ta wuce, sassauta tsirkiyoyi, ka ɗaure ƙarfen cikin wuya rubu'in zagaye zuwa dama, ka ɗaure tsirkiya, ka bar shi ya kwana kafin ka ƙara. Idan ya cije kada ka tilasta, karyewarsa babbar asara ce. Thomastik ta Ostiriya ce ta saɓa, ita sakwa-sakwa ce, wani lokaci sassautawa ma za ka yi. Bayan nan a gyara birij har muryar firet na 12 ta yi daidai da hamonik ɗinsa.

Abubuwa biyu da ke kashe sabuwar filat tun ranar farko: zura ta ta cikin jikin jita inda za ta yi lanƙwasa mai kaifi a birij, da barin kaurin jikinta ya hau kan abin ɗauri. Duka biyun suna buɗe naɗin. Sashen zaren ne kawai ya kamata ya naɗu. A auna tsawon jita kafin saye, yawanci inci 34 ne, gajeru inci 30. Filat da naɗinta ya buɗe sautinta ya mutu murus, wanda ya ji zai ɗauka haka filat take.

Gwanin_Fiyano_Wudil:
Wani tarkon kuma jita marar firet. Mutane da sun ji wannan jan sautin mai laushi sai su ce filat. Jaco Pastorius, shahararren mai bes, a lokacinsa rawun yake sawa a tasa, har sai da ya shafe allon wuyan da ifoksi, wani gam mai tauri, don kada ta cinye katakon. Gurnanin da ke kumbura bayan bugu ya fi fitowa da rawun.

BabaJita_Haɗeja:
Kun ga ni ba. Kowa ya kawo alama sai wani ya kawo inda ta faɗi. Ni matsayina bai canza ba: sabuwar rawun da tun a buɗe, ko yaro zai gane. Tsohuwar filat ita kaɗai a ɗaki, mai kunne zai gane. Duk abin da ke tsakani, hasashe ne.

Injiniya_Gumel:
Tsakanin ba shi da faɗin da Baba yake ba shi. Alama ɗaya tana faɗuwa, amma da wuya uku su faɗi tare. In babu kukan yatsa ko kaɗan a doguwar tafiya, ga sauti tsayayye ba tangaɗi, ga hamonik gajere, zan ce filat kuma ba na jin zan sha kunya.

Bes_Ringim:
To a gwada mana. Mai jita biyu ko saiti biyu ya ɗauko layi ɗaya, ya sa wa fayilolin lamba kawai, a turo kowa ya faɗi nasa kafin a bayyana.

Zee_Situdiyo_Dutse:
Idan za a yi, a yi shi daidai. Jita ɗaya, makaɗi ɗaya, waya kai tsaye zuwa sawunkad, na'urar shigar da sauti kwamfuta, ba amfilifaya, ikwalaiza a miƙe, ƙarfin fayilolin a daidaita shi don wanda ya fi ƙara kullum shi kunne ke zaɓa. Layin ya ƙunshi doguwar tafiya a kan A da sauti ɗaya da za a riƙe daƙiƙa huɗu. Kowane saiti a ɗauke shi sau biyu, tun a buɗe da tun a rufe, sannan a sake turo su da ganga da fiyano a kai.

BabaJita_Haɗeja:
A ƙara da tsohuwar rawun mai soso a ciki, kuma ni zan buga wannan. Amsar kuma a ba Mai_Gurmi ya riƙe, tunda shi ba shi da ɓangare.

Mai_Gurmi_Kazaure:
Na karɓa, Baba. Amma wa ke da filat ɗin a cikinku? Har yanzu ban ji wanda ya ce tana hannunsa ba.